Fim ɗin da Na Ƙi Rufewa

Nura, ajiye kwamfutar nan tukuna, kai da abokanka ku matso kusa. Tun da kuka shigo nake jin kuna cewa fassarar fim ba wani aiki ba ne, wai makirufo ne kawai da surutu. To madalla! In da surutu ne sana'a, ai da aku ya fi kowa arziki a Haɗeja. Kun zo in ba ku fim ɗin manomin shinkafar nan ku ɗora masa murya, wai shirun da ke cikinsa ya yi yawa, za ku cike shi da barkwanci. Zan ba ku, ni ba marowaci ba ne. Amma sai kun ji yadda na yi da shi, ni da na riga ku riƙe makirufo tun uwarka, ƙanwata, ba ta iya ɗaura zane ba.

Aikin farko da maigidana Malam Habu ya ba ni shi ne goge kan bidiyo. Farin tsumma ne da ɗan sipirit. Ka buɗe murfin, ka shafa a hankali, kana juya kan da ɗan yatsa. In ka matsa da ƙarfi ka kashe na'urar, in ka yi sakaci hoto ya riƙa yayyafi. Gidan kallonsa rumfar kwano ce a bayan tashar mota, an kewaye ta da zana da tampol don a sami duhu da rana. Talabijin yana kan dogon teburi, janareta kuma a cikin rami can waje don kada ƙararsa ta hana mutane ji. Shi kuwa yana tsaye a gefe, yana mayar da Indiyanci da yaren mutanen Sin zuwa Hausa, alhali ko sannu bai sani ba a cikin yarukan nan.

Na daɗe ina gugar nan da jan benci kafin ya fara koya min ainihin aikin. Da safe zai sa kaset, ya kashe sautin gaba ɗaya, ya ce, "Sabo, gaya min abin da ke tsakanin waɗannan biyun." Na ce, "Maigida, faɗa suke yi." Ya ce, "Kai dai an yi sakarai. Bakinta kake kallo, dubi hannunta. Matar da ke faɗa da miji ba ta gyara masa wuyan riga. Tafiya zai yi, ita kuma tsoro take ji." Haka muka yi ta yi har idona ya buɗe. Ya koya min raɗa wa mutanen fim suna. Duk mugu Tanko muke ce masa, har ranar da wani mahauci mai suna Tanko ya zo da wuƙarsa a kugu ya ce in an fasa canza sunan nan shi ma zai nuna mana nasa fim ɗin. Ya koya min tauna citta da kanumfari, ya hana ni ruwan sanyi, don murya ita ce jarin.

Sai babban abu, wanda muke kira rufe fim. Kaset ɗin da ke iso mana daga Kano kwafin kwafi ne, sau da yawa zaren yakan ƙare fim bai ƙare ba. Jarumi ya ɗaga takobi, sai hoto ya ɗauke. Mutum kuwa ya zauna tun bayan azahar, ba zai tashi a haka ba. Nan Malam Habu zai gyara murya ya ƙarasa da baki: yadda aka kashe Tanko, yadda aka ɗaura aure, har sunan ɗan da aka haifa. Mutane su watse suna murna. Wannan ya zama al'ada a wurinmu, ko da kaset bai yanke ba, in ƙarshen bai gamsar ba, mai makirufo ne zai rufe. Amma ya taɓa ja min kunne. Ya ce, "Kafin ka rufe, ka dubi benci. Wani kallo ya kawo shi, wani kuma tambaya ya zo da ita." A lokacin na ce to, ba don na gane ba.

Allah ya jiƙan Malam Habu, rumfar ta dawo hannuna. Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, aka koma filash. Samari irinku suka koma kan waya. Ƙwallo ce ta riƙe ni, sai kuma kallon bayan azahar na magidanta, waɗanda idonsu ba ya son ƙaramin gilashi, kuma sun saba da muryata. Akwai mai tura min finafinai daga Kano, direba ke kawo min filash ɗin. Kamar yadda mai tumatir ke yi maka gyara, shi ma in ya cika min na faɗa da na waƙa, sai ya ƙara min waɗansu da ba wanda ke nema. A cikin gyaran nan na fara cin karo da irin finafinan da kuke yi wa dariya.

Na kalle su da yawa a 'yan shekarun nan, da safe, ni kaɗai, kuma ba duka na yaba ba. Akwai wani na ƙasar ƙanƙara, an kafa kyamara a gaban taga, ruwa yana ɗiga, yana ɗiga, har na tashi na sayo ƙosai na dawo bai gama ɗiga ba. Wannan iyayi ne kawai, mai shi so yake a ce ya iya. Akwai wani baƙi da fari, kowa a ciki fuska a murtuke, ba mai cin abinci, ba mai gaida wani. Na ce ina ne wannan garin da ba a gaisuwa? Ban ƙarasa shi ba. Amma akwai na wani tsohon tela da ya ɗauki kan kekensa a kafaɗa yana yawo cikin birni neman mai gyara. Fim ɗin ke nan, ba ƙari. Wallahi sai da na ji nauyin keken a kafaɗata. Da na wata mata direbar bas da ke zuwa wani ƙauye kullum saboda fasinja guda. Abin da na lura, masu kyan cikinsu ba sa gaya maka abin da za ka ji. Fim ɗin Indiya in baƙin ciki ya zo, goge zai fara kuka kafin jaruma. Waɗannan kuwa sai su ajiye maka mutum yana wanke kwano, su bar ka da shi. Rubutun Turancin da ke ƙasa ba na iya binsa da sauri, sai na koma karatun Malam Habu, ina kallon hannu. Ban taɓa tunanin sa wa jama'a irinsu ba, don na san za a jefe ni da takalmi.

Sai shekarar babban ruwa ta zo. Kuna nan, kun san ta, wasunku sun ɗauki buhun ƙasa a kan jingar tare ruwa. Kogi ya taso daidai lokacin da shinkafa ta ɗauki ciki. Fadama ta zama tafki ɗaya, ba ka gane gonar wani da ta wani sai da kan bishiya. Mutanen ƙauyukan wajen Baturiya suka cika makarantu. Hanyar Kano ta yanke, direbana ya daina zuwa. Magidanta su dawo daga aikin jinga, ba gona, ba kasuwar kirki, zaman gida kuma ya gagara saboda idon iyali. Sai su taho rumfata. Mai abin bayarwa ya bayar, wanda ba shi da shi ya shiga. Na maimaita finafinan faɗa har suka haddace, suna riga ni faɗin magana. Da babu gara ba daɗi, sai na waiwayi gyara.

A cikin masu zuwa akwai Bukar, abokina tun muna yara. Gonarsa tana bakin kogi, gadon mahaifinsa ce. Ruwa ya cinye ta, ya kuma rushe ɗakin da ya ajiye hatsinsa da irin shukarsa. Kun san a irin wannan shekara ake samun masu zuwa daga nesa suna sayen gonakin da ruwa ya ci a wulaƙance. Dillali ya kawo wa Bukar ɗaya daga cikinsu. An tsayar da magana ranar kasuwa mai zuwa za a ƙulla ciniki, daga nan Bukar zai tafi kudu aikin gadi wurin ƙanin matarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san gonar da ta fita ta wannan hanya ba ta dawowa. Na same shi na yi masa magana. Ya ce, "Sabo, bakinka na gidan kallo ne, ka bar shi a can." Bukar ke nan. In ka tura shi gabas, yamma zai yi.

Akwai kuma Alhaji Isa, dattijo ne, gonarsa da gidansa suna can wajen tudu. Shi ne mai bencin gaba, kuma shi ne sarkin ƙorafi. Fim in ba a fasa teburi a kan wani ba, a wurinsa ba a fara ba.

Ranar da na sa fim ɗin manomin, ban zaɓe shi don Bukar ba, shi ne ya rage. Mutanen wata ƙasa ce can gabas, masu faffaɗar malafa. Na raɗa wa mutumin suna Jatau. Manomin shinkafa ne, matarsa tana birni tana aiki, shi yana ƙauye da tsohuwarsa da akuya. Ruwa yana tasowa kaɗan kaɗan. Da aka nuna gonar, sai na ga kowa ya gyara zama. Wani ya ce, "Kai, wannan ma ta ɗauki ciki." Wani ya ce, "Dubi launin ruwan, na kogi ne ya gangaro, ba ruwan sama ba ne." Suka manta da ni, suna gardamar ko shinkafar za ta kai labari. Da aka zo inda Jatau ke tattara kaya a cikin ɗaki, wuri ne mai tsawo, ba magana ko ɗaya. Na ga Alhaji Isa ya fara hamma, sai na yi abin da kowane mai makirufo zai yi, na cika wurin da zance. Na sa akuya tana yi wa Jatau gori, na sa tsohuwa tana neman goronta. Aka yi ta dariya, aka wuce wurin.

Ƙarshen fim ɗin ga yadda yake. Jatau ya kai tsohuwarsa tudu a kwalekwale. Ya dawo ya zauna a kan jingarsu da 'yar jakarsa, yana kallon ruwa. Motar birni ta zo ta tsaya a bayansa, ƙofa ta buɗe. Bai waiwaya ba, bai kuma ce a tafi ba. Sai hoto ya yi baƙi.

Alhaji Isa ya ce, "A'a! Malam Sabo, ya yanke ne?" Na ce, "Bai yanke ba, Alhaji, nan ya ƙare." Ya ce, "To rufe mana, mu tafi la'asar."

Na ɗaga makirufo, ƙarshen yana kan harshena, har na shirya yadda ruwa zai janye da yadda matar za ta dawo. Sai idona ya faɗa kan Bukar a benci na uku. Kowa yana kallona da murmushi, ban da shi. Ya ce, "Sabo, ya hau motar ko bai hau ba?" Muryarsa ba ta mai kallo ba ce. Nan maganar Malam Habu ta dawo min. In na ce ya hau, na sa hannu a cinikin gonar abokina. In na ce bai hau ba, Bukar ya san bakina, zai ce wa'azi nake masa ta bayan gida, kuma don haka kaɗai sai ya sayar. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Ban sani ba."

Rumfa ta kaure. Tun da nake riƙe makirufo ba a taɓa jin wannan kalma a bakina ba. Alhaji Isa ya miƙe yana kaɗa riga, ya ce, "Ka ji min mutum! To wa zai sani, akuyar? An zaunar da mu muna kallon ruwa, kamar ba daga kallon ruwa muka fito ba. Wannan ai cin amana ne." Na ce, "Alhaji, abin da fim bai faɗa ba yau ba zan faɗa ba." Ya ce tsufa ne ya fara kama ni. Bukar dai ya sa takalminsa ya fita.

Na ɗauka na kori jama'ata ke nan. Washegari kuwa, ana gobe kasuwa, sai ga Bukar tun kafin in tayar da janareta. Ya ce, "Ka sake sa min na jiya." Na ce, "Za a kashe ni." Ya ce, "Ka sa. Amma don Allah yau ka ajiye makirufon nan, kada in ji ko tarinka." Mutane kaɗan suka shigo. Alhaji Isa ma ya zo, ya ga abin da ke kan gilashi, ya yi tsaki, amma ya zauna, don ba shi da wurin zuwa.

Zama a gefen fim baki a rufe ya fi min ɗaukar buhu wuya. Harshena har ƙaiƙayi yake. Aka zo wurin tattara kaya, inda jiya na sa akuya magana. Yau ba abin da ake ji sai ruwa yana bugun ƙofa da numfashin mutumin. Jatau ya ɗauki rediyo, ya duba, ya ajiye. Ya naɗe tabarma. Sannan ya jawo wani ɗan buhu daga ƙarƙashin gado, ya zura hannu ciki, ya ɗebo, ya shinshina, ya mayar. Ya sa buhun a leda, ya ƙara wata ledar. Ya taka kujera, ya jefa igiya a kan azarar rufin ɗaki, ya ja buhun sama har ya taɓa kwano. Ya ƙulla, ya ja igiyar don ya gwada, ya sake ƙullawa. Na kalli wurin nan ba sau ɗaya ba, a wurina kaya ne cikin kaya.

Bukar ya ce, "Tsayar." Na tsayar. Ya taso har gaban talabijin, ya nuna da yatsa. Ya ce, "Iri ne." Wani daga baya ya ce, "Ko abinci ne?" Bukar ya ce, "Abinci tafiya ake da shi, ga tsohuwa, ga yunwa a gaba. Ba a shinshina abinci haka. Iri ne, ya ɗaga shi inda ruwa ba zai kai ba." Alhaji Isa ya ce, "To sai me? Mutum yana iya rataye iri kuma ya hau mota." Bukar ya ce, "Yana iyawa, Alhaji. Amma wanda ya yi ƙulli biyu ba sallama ya yi da ɗakin ba. Ko ya hau, zai dawo."

Na saki fim ɗin ya tafi har ƙarshe. Mota ta zo, ƙofa ta buɗe, hoto ya yi baƙi. Wannan karon ba wanda ya ce in rufe. Bukar yana zaune, hannunsa a kan gwiwa. Can ya ce, ba da kowa ba, "Shi ya yi dabara. Ni nawa a ƙasa na bar shi, ruwa ya tafi da shi." Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Alhaji Isa ya yi gyaran murya, ya miƙe yana neman takalminsa da ƙafa. Ya ce, "Bukar, nawa yana rataye, kuma ya fi ƙarfin gonata. Gobe da safe ka zo ka ɗibi na noman rani." Bukar ya ce, "Alhaji, gobe kasuwa." Alhaji Isa ya ce, "Na san gobe kasuwa, ni ba baƙo ba ne a garin nan. Ka zaɓi inda za ka. Kuma ba don Allah kaɗai na yi ba, don a daina sa mana wannan fim ɗin ne. Malam Sabo, gobe in ban ga an fasa teburi ba, ka daina ganina."

Dillali ya yi ta jira a kasuwa har rana ta take. Ba zan ce muku ɗan buhun iri ya share wa Bukar hawaye ba. Shekarar nan ya sha wuya. Ya sayar da babur ɗinsa, ya bi masunta yana jan koma kafin ruwa ya janye, injin ban ruwa ma na aro ya yi amfani da shi. Ko godiya bai yi min ba, kuma bai kamata ba, don ni abin da na yi kawai shi ne rufe bakina. Alhaji Isa kuwa har gobe in ka tambaye shi, cewa yake bai taɓa ganin fim ɗin banza irin wannan ba.

To ga filash ɗin, Nura. Ku sa murya inda kuka ga dama, ku sa akuya ta yi waƙa ma in kuna so. Amma daga inda ya jawo buhun nan har ya sauko daga kujera, ku kashe makirufo, ku bar mutane su ji ƙarar igiyar.

Me ka ce? "Kawu, to ya hau motar ko bai hau ba?" Ni har yau ban sani ba. In kana son wanda zai rantse maka, bi hanyar Baturiya, ka sauka bakin kogi, ka tambayi gonar Bukar. Yanzu haka yana ciki yana korar tsuntsaye, don shinkafarsa ta fara nuna.